Yadda ake gwada fararen yadi kafin a rina: wanne ke shan launi, wanne ke ƙi

Tambaya ɗaya ke ta zo mini daga mata masu rinin shadda a gida da samari masu koyon sana'ar nan Damagaram: galura ɗaya ce, bokiti ɗaya ne, hannun da ya haɗa ma ɗaya ne, to me ya sa wani yadi ya fito da launi cikakke, wani kuma ya fito a koɗe tun bai ga rana ba? Yawanci mai sayar da galura ake ɗora wa laifi. Wani lokaci da gaskiyar masu zarginsa, amma galibi matsalar tana jikin yadin. Fararen da ke jere a rumfunan Kasuwar Dole ido ne kawai ke ganinsu iri ɗaya. Zaren da aka saƙa su da shi ya bambanta, abin da masaƙa ta shafa musu don su yi sheƙi ma ya bambanta. Ga yadda za ku gwada su gefe da gefe kafin ku zuba kuɗi a bandir guda. Aikin na yini biyu ne, sai mako ɗaya na jiran gwajin rana.

Kayan da za ku tanada

Bokitin roba biyu, tukunyar ƙarfe mai fenti ko ta ƙarfe marar tsatsa, sanda mai santsi, almakashi, mitar tela, allura da zaren ɗinki na roba mai launi, ashana, safar hannu ta roba mai kauri, ƙaramin ma'aunin lantarki mai nuna giram, da littafin rubutu. Sai galura launi ɗaya, soda mai cin fata irin ta haɗa sabulu, farar hodar nan mai wari da ake kira idro, kanwa, sabulun ruwa na wanke kwanuka, binegar kaɗan, gawayi, da ruwa bido biyu zuwa uku.

Abin da zai ci kuɗi shi ne yadin kansa da ma'auni. Ma'auni ana iya arowa. Yadi kuwa rubu'in mita na kowane iri ya isa, kuma in kuna da maɗinkin da kuka saba da shi, ku roƙe shi ragowar ƙyallaye. In an samu haka, kuɗin gwajin duka ba zai kai na mita ɗaya na shadda mai daraja ba.

Gargaɗi tun daga nan: kada soda ta shiga tukunyar dalma. Tana cinta, tana kuma tayar da iska mai kama wuta. Duk cokali ko tukunyar da ta taɓa rini ta bar madafa ke nan har abada.

1. Tara fararen

Ku nemi iri shida zuwa takwas daga cikin waɗanda kuke niyyar aiki da su: shadda mai tsada, shadda mai araha, alawayyo, akoko, saƙin hannu, farin yadin riguna mai santsi da ake kira tetiron, biskos, wato yadin nan mai laushi da sanyi da ake yi da ɓargon itace, da leshi in kuna rina shi. Ku rubuta sunan kowane, rumfar da aka saye shi, kuɗin mita, da abin da aka buga a bakin bandir. Ku lura ko da mita aka auna muku ko da yadi, don kayan da ke shigowa daga Kantin Kwari na Kano sukan zo da ma'aunin yadi, wanda santimita 91 ne da ɗoriya kaɗan.

2. Ƙona zare

Wannan minti biyar ne, amma shi ke fara tona asiri. Ku zare ƴan silla daga kowane ƙyalle, zaren tsaye daban, na kwance daban, ku ƙona a kan faranti da kofin ruwa a gefe. Auduga tana ci da sauri, tana warin ƙonanniyar takarda, tana barin toka mai laushi da ke watsewa in an hura. Biskos haka yake, sai dai ya fi saurin ci kuma tokarsa kaɗan ce. Poliyesta, wato roba, yana gudun wuta, yana narkewa, yana baƙin hayaƙi, ya bar dunƙulen baƙi mai tauri da ba ya murƙushewa. Siliki da ulu warin ƙonannen gashi suke yi, dunƙulensu yana farfashewa tsakanin yatsu. In kun ga toka da ɗan tauri a tare, gauraye ne.

Dalilin raba zaren tsaye da na kwance shi ne, akwai yadin da ake saƙa ɗaya da auduga ɗayan da roba. In kun ƙona gefe guda kawai zai ruɗe ku. Kada ku taɓa robar da ta narke sai ta huce, tana manne wa fata.

Ko kun gane wani yadi roba ne, kada ku fitar da shi daga gwajin. Ku bari idonku ya ga abin da zai zama. Siliki da tsamiya, wato silikin daji, da ulu su ne za ku ware, don sodar da ke cikin galura tana cinye su.

3. Sa alama da awo

Biro da alli duk za su ɓace a rini. Ku ɗinka wa kowane ƙyalle lamba da zaren roba, ƙulli ɗaya ga na farko, biyu ga na biyu, haka dai. Zaren roba ba ya shan galura, don haka alamar za ta tsaya. Sannan ku ɗinka ɗigo biyu da tazarar santimita 20 a tsaye, wasu biyu a kwance, don auna yadda zai tsuke. Daga kowane ku yanke ɗan yanki kamar tafin hannu ku ajiye ba tare da wanki ba, shi ma da lambarsa. Zai shiga rini a haka.

4. Dafa yadin

Nan ne aka fi yin ganganci, kuma rabin koke-koken da nake ji daga nan suke fitowa. Sabon yadi ba ya zuwa tsirara. Akoko da saƙin hannu suna ɗauke da maiƙon da auduga ke zuwa da shi daga gona, ga kuma sitacin da ake shafa wa zaren tsaye don kada ya tsinke a masaƙa. Shadda an guga ta da injin zafi, an shafa mata abin sheƙi, sau da yawa har da turare. Duk waɗannan suna tsayawa tsakanin zare da rini. Jiƙawa cikin ruwan sanyi na ɗan lokaci ba ta fitar da su.

Ku jiƙa kanwa cokalin miya uku tun da dare, ku tace da safe don yashi ya fita. Kanwar Manga da muke samu a nan tana yin aikin sosai. Ku zuba a ruwa lita 5 da ɗigon sabulun ruwa, ku sa ƙyallayen auduga da na gauraye, ku bar su su tafasa awa ɗaya kuna juyawa. Akoko da saƙi su yi awa biyu, kuma in ruwan ya yi ja sosai ku zubar ku sake sabo. Biskos kada ya sha tafasa mai ƙarfi ko murɗa, don ƙarfinsa yana raguwa ainun in ya jiƙe. Ruwan zafi da sabulu na rabin awa ya ishe shi.

Abu uku ku nisanta a wannan mataki. Ruwan jabel, wato bilic mai faranta kaya, domin ragowarsa a zare yana faɗa da idro kuma yana raunana yadin. Bula, domin launi ce da kanta. Sai garin omo, wanda da yawansa ke ɗauke da sinadarin ƙara hasken fari, kuma shi ma yana sauya yadda launi mai haske zai fito.

Ku ɗauraye, ku shanya, ku goge. Sai ku ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan kowane busasshen ƙyalle. In ya nutse nan take, ya wanku. In ya tsaya ya dunƙule, a mai da shi tukunya. Wanda aka dafa sau biyu kuma ruwa bai shige shi ba, an yi masa shafin da ba ya fita a gida, ku rubuta haka a gaban lambarsa.

Yanzu ku auna tazarar ɗigon zaren nan da kuka ɗinka. In santimita 20 ta koma 19, yadin yana tsukewa kashi 5 cikin ɗari, wato a mita 10 rabin mita ya tafi. Wannan lissafi ya shiga kuɗin da za ku faɗa wa mai kaya.

5. Yanka da nauyi

Rini nauyin zare yake bi, faɗin ƙyalle bai dame shi ba. Ku yanka giram 10 daga kowane iri. Na saƙi zai fito ƙarami, na biskos ya fito da faɗi, hakan daidai ne. Ragowar ku adana: yanki ɗaya ya zauna fari don kwatance, sauran na zagaye na biyu. Duka abin da zai shiga bokiti, har da ƙananan da ba a wanke ba, kada ya wuce giram 100.

6. Haɗa rini

Ku zaɓi launi matsakaici, shuɗi ko kore. Baƙi yana rufe bambanci, rawaya mai haske kuma ba ta nuna shi sosai. Ruwan da za ku yi babban aiki da shi, da shi za ku yi gwaji. Mun san halin ruwa a garin nan, yau na famfo, gobe na ƴan garuwa, jibi na rijiya. In kun sauya ruwa a tsakiya ba za ku san ko yadi ne ya kawo bambanci ko ruwa ba. Ruwan da ya yi laka a bar shi ya kwanta, a tsiyaye.

Ma'aunin da nake bi ga giram 100 na yadi shi ne ruwa lita 3, galura cokalin shayi ɗaya a shafe, soda uku, idro uku. Marina sun bambanta a wannan, kuma in kuna da naku haɗin da kuka saba, ku bi shi, muddin ba za ku sauya shi daga gwaji zuwa gwaji ba. Zafin ruwa ya kasance digiri 50 zuwa 60. In babu abin auna zafi, ku haɗa tafasasshe da na bido rabi da rabi, zai faɗo kusa da haka.

Ku dama galura da ruwan ɗumi kaɗan har gudaji su mutu. Soda ku narka ta daban a kofin ruwan sanyi, kuma soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa kan soda, don tana zafi tana fantsama. Ku juye galurar a bokiti, sodar ta biyo, sannan ku barbaɗa idro kuna juyawa a hankali ba tare da kaɗawa ba. Ku rufe minti 10 zuwa 15. Launin ruwan zai juya, wata fata mai sheƙi ta taso a sama. Ku tsoma ɗan tsumma ku ɗaga: in launinsa yana sauyawa a iska, rini ya nuna.

A yi wannan a tsakar gida inda iska ke wucewa, da safar hannu, yara da dabbobi na nesa. In soda ta faɗa ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta aƙalla minti 15 sannan a tafi asibiti. Idro kuma a ajiye shi a rufe, a bushe. Danshi yana kashe ƙarfinsa, yana iya sa shi ya ɗauki zafi da kansa. Wanda ya dunƙule ya zama dutse ya riga ya mutu, kuma in kun yi gwaji da shi za ku zargi yadi a banza.

7. Tsomawa da shan iska

Ku jiƙa ƙyallayen duka da ruwan ɗumi, ku matse, ku warware, ku sa su a lokaci ɗaya. Wanda ya riga shiga zai sha fiye da rabonsa. Ku yi ta juya su a ƙarƙashin ruwa minti 20, kada wani ɓangare ya leƙo sama, don inda iska ta taɓa da wuri nan ne dabbare-dabbare ke fitowa. Ku fitar da su tare, ku matse kaɗan, ku baza a igiya cikin inuwa minti 20 har launi ya daina juyawa. Lokacin hunturu iska tana busar da bakin ƙyalle da sauri, sai ku riƙa juya su.

Ku ɗauraye har ruwa ya yi fari, ku sa binegar cokali biyu a ruwan ƙarshe don ya kashe ragowar soda, sannan ku tafasa su minti 10 da sabulu, biskos dai ban da tafasa mai ƙarfi. Mutane da yawa suna tsallake wannan tafasa, alhali ita ke fitar da galurar da ta zauna a bayan zare kawai, kuma ita ke tsayar da ainihin launi. Ruwan rinin a zubar a rami nesa da rijiya da wurin shan dabbobi.

Kada ku yanke hukunci a kan jiƙaƙƙen yadi, koyaushe ya fi duhu. Ku bari ya bushe, ku goge.

8. Karanta sakamako

Ku jera su a kan farin zane, a inuwa da hasken rana, daga mafi duhu zuwa mafi haske. Hasken fitila yana sauya launi. Ga abin da aka saba gani, ko da yake naku ƙyallayen ne ke da maganar ƙarshe.

Biskos da shadda mai kyau su kan zo a gaba. Shaddar kirki, irin ta Getzner da ake yi a Ostiriya, auduga ce zalla, kuma audugar da masaƙa ta ratsa da ruwan soda tana ɗaure ta fi buɗe ciki, don haka da galura iri ɗaya ta fi sauran duhu da sheƙi. Furannin jikinta za su fito kamar launi biyu, amma saƙa ce ke karya haske, rinin ɗaya ne. Sheƙinta zai ragu bayan dafawa, sai an sa sitati an kai wa masu bugu yake dawowa, kuma bugu yana ƙara zurfin launi. In shadda ce sana'arku, ku kai ƙyallen gwajin ma a buga kafin ku yanke magana.

Alawayyo yakan zo tsakiya, launinsa tsaf, ba sheƙi. In fari ne mai ɗaukar ido sosai, ku haska shi da fitilar duba jabun kuɗi. In ya yi walƙiya shuɗiya, an sa masa sinadarin ƙara haske, kuma a launi mai sauƙi kamar ruwan hoda ko ruwan ƙwai zai ja launin ya karkata. A launi mai duhu ba a damuwa da shi.

Akoko yana sha sosai in ya dafu, amma asalinsa ba fari ba ne tas, don haka shuɗinsa yakan ɗan ja zuwa kore. Ni ina son wannan launi, yana da kwanciyar da farin masaƙa ba ya bayarwa, sai dai a sanar da mai kaya tun farko. Saƙin hannu kuma ba ya fitowa bai ɗaya, don abawa mai kauri da saƙo-saƙo ta fi siririn zare sha. Wannan halinsa ne, ba aibi ba. Abin dubawa shi ne ko rini ya ratsa: ku zare silla ɗaya ku warware, in cikinta fari ne, yana buƙatar ƙarin dafawa da ƙarin lokaci a bokiti.

Tetiron da shadda mai araha da aka gauraya su ne ke karya zuciyar sababbin marina. Gaurayen da aka fi sani kashi 65 roba ne, 35 auduga, kuma audugar ce kaɗai ke sha. Sai yadin ya fito fari-fari, in kun matso da ido ku ga fararen silla a warwatse kamar furfura. Ƙara galura ba ya gyara shi, asarar kuɗi ce. Roba tana da nata rini na daban da masaƙu ke yi a tukunyar matsi da zafin da ya kai digiri 130, abin da bokitin gida ba zai iya ba. Leshi kuma yakan fito kala biyu, ƙasan ya ƙi, aikin saman ya sha, ko akasin haka. Wannan darasi ya shafi ɗinkakkun kaya: farar riga ta auduga da aka ɗinka da zaren roba za ta rinu, layin ɗinkin ya tsaya fari.

Daga ƙarshe ku ɗora kowane ƙaramin yanki da ba a wanke ba kusa da ɗan uwansa. Inda bambanci ya yi yawa, yadin nan kada a taɓa rina shi sai an dafa.

9. Zuba, goga da rana

Duhun launi a ranar farko bai isa shaida ba. Ku raba kowane ƙyalle uku. Na farko ku ɗinka shi da farin alawayyo ku wanke da ruwan zafi da sabulu, ku ga ko ya zuba. Na biyu ku goga shi da farin tsumma sau goma a bushe, sau goma a jiƙe. Na uku ku rufe rabinsa da kwali ku ɗora a kan soro mako guda, da dutse a kai. Ranar Damagaram, musamman ta bazara, ba ta ɗaukar lokaci kafin ta nuna wanda zai koɗe. Yadin gauraye yakan faɗi a gwajin goga, don galurar da ta zauna a bayan roba ba ta da abin riƙo.

10. Zagaye na biyu, sannan kasuwa

Bokiti ɗaya yana nuna wanda ya fi wani sha, amma yana da ha'inci guda: masu saurin sha, kamar biskos, suna kwashe galura kafin sauran su samu. Don haka iri biyu ko uku da suka yi muku, ku sake rina kowane shi kaɗai, giram 10 a ruwa kofi ɗaya da rabi, da kashi ɗaya cikin goma na haɗin farko. Hanya mafi sauƙi ita ce ku haɗa lita 3 kamar dā ku raba kashi goma daidai, kowane yadi da kashi ɗaya a gwangwanin roba. Launin da ya fito nan shi ne za ku samu a babban aiki.

Masu son shuɗin baba su kai wa marini ƙyallayen a karofi, su roƙe shi ya tsoma wani sau ɗaya, wani sau uku, wani sau shida, yana barinsu su sha iska tsakani. Baba a hankali yake hawa, tsomi kan tsomi, kuma yadin da ya yi rauni a tsomin farko yana iya cika a na shida. Ruwan karofi na toka da katsi bai kai soda kaifi ba, shi ya sa siliki da tsamiya ke iya shiga nan.

Ku manna kowane ƙyalle a littafi, farinsa a gefe, da sunan yadi, kuɗin mita, yawan tsukewa, haɗin rini da irin ruwan. Da wannan littafi za ku shiga kasuwa. Suna ɗaya da tambari ɗaya ba sa nufin kaya ɗaya, musamman a shadda da jabunta ya yi yawa, don haka duk sabon bandir ku roƙi mai rumfa silla biyu ku ƙona a waje, ku sayi rubu'in mita ku dafa ku tsoma, sannan ku dawo ku biya sauran. In aikin mai yawa ne, kamar ankon biki, ku sayi yadin duka daga bandir ɗaya, ku rina shi da haɗi ɗaya a rana ɗaya.